Yadda Na Samu Horon Kula da Halayyar Marasa Lafiya, da Yadda Muke Aiki da Shi a Asibitinmu

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wata cibiyar lafiya ta matakin farko da ke ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 11 na Jihar Gombe. Tun da na dawo daga horon da aka ba mu a kan yadda ake tafiyar da mara lafiyar da ya fusata, ko ya rikice, ko ya ƙi magani, abokan aiki daga wasu asibitoci suke kirana suna tambayar ta ina aka bi aka shiga, me aka kashe, kuma me aka koyar. Amsar waya ba ta wadatarwa, domin a kowane mataki akwai abin da ke cinye wa mutum lokaci idan bai san da shi tun da wuri ba. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin a jere, tun daga ranar da na ji labari har zuwa yadda aikinmu na kullum ya koma, domin wanda zai biyo baya ya huta da yawon da ba dole ba.

Labarin ya fara zuwa ne ta zauren WhatsApp na shugabannin asibitocin ƙaramar hukumarmu, cikin wata gajeriyar sanarwa da ke cewa wata ƙungiya mai zaman kanta, da haɗin gwiwar hukumomin lafiya na jiha, za ta horar da ma'aikatan matakin farko a garin Gombe. An gina horon ne a kan mhGAP, shirin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka ƙaddamar a 2008, aka fitar da littafin jagorarsa a 2010, aka kuma sabunta shi a 2016, domin ma'aikacin da ba likitan ƙwaƙwalwa ba ya iya gane matsala, ya fara taimako, ya kuma san lokacin da ya kamata ya tura mara lafiya gaba. Abu na farko da mai sha'awa zai sani shi ne ba mutum ke kai sunansa da kansa ba. Shugaban asibiti ne ke zaɓa, shi ke rubutawa, kuma in babu sa hannunsa babu ofishin da zai saurare ka. Da na same shi na ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a sa sunana," amsar da ya fara ba ni ita ce, "To Sista, wa zai riƙe mana aikin dare in kin tafi?" Tambayarsa tana kan hanya, domin ba mu da yawa, kuma duk wanda ya ɗaga, nauyinsa a kan sauran yake faɗawa. Sai da na zauna da abokan aikina muka yi musayar ranaku, muka rubuta sabon jadawali kowa ya sa hannu, sannan ya ɗauki biro. Duk mai neman izini ya gama wannan daidaitawar tukuna, domin shugaban da ya ga jadawali a cike ba shi da sauran dalilin hanawa.

Daga nan sai sashen lafiya na sakatariyar ƙaramar hukuma, inda ake tattara sunaye kafin a aika jiha. Takardun da aka nema a wurina su ne wasiƙar shugaban asibiti, kwafin lasisin aiki wanda wa'adinsa bai ƙare ba, kwafin katin shaidar ma'aikaci, takardar da aka turo ni asibitin da nake, hotunan fasfo, da lambar asusun banki. Zuwana na farko ya faɗa cikin makon riga-kafin shan inna, kuma duk wanda ya san aikin matakin farko ya san cewa a irin wannan mako jami'ai suna ƙauyuka tun da sanyin safiya. Na wuni a kan benci a ƙarƙashin darbejiya ina kallon ƙofar ofis a rufe, har akawun sashen ya tausaya ya ce mini, "Hajiya, ki koma kawai, ki dawo farkon mako da sassafe kafin su shiga taro." Haka aka yi, kuma da na dawo ban daɗe ba aka karɓa. Na nemi akawun ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da zan riƙe, kuma wannan kwafin ne ya cece ni daga baya, lokacin da jerin sunaye ya fito babu nawa aka ce ba a ga takarduna ba. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, amma da na ajiye kwafin mai hatimi a kan tebur sai maganar ta ƙare, aka nemo fayil ɗin, aka ƙara sunana. Wata abokiyar aiki kuwa matsalarta daban ce: lasisinta yana ɗauke da sunan mahaifinta, asusun bankinta kuma da sunan mijinta, sai da ta je kotu ta yi takardar rantsuwa kafin aka yarda mutum ɗaya ce. Matan aure su duba wannan tun a gida.

Game da kuɗi, horon kansa kyauta ne, ba mu sayi fom ba, kuma duk wanda aka ce ya biya wani abu domin sunansa ya shiga, ya koma ya tambayi shugaban asibitinsa kafin ya sa hannu a aljihu. Abin da na kashe nawa shi ne kuɗin hoto, kuɗin kwafin takardu, acaɓa zuwa sakatariya da dawowa, sai kuɗin mota zuwa Gombe. An yi mana alkawarin mayar da kuɗin mota da ɗan alawus, kuma an cika, amma ta banki aka biya, makonni bayan mun koma gida. Saboda haka kada kowa ya taso da kuɗin zuwa kaɗai yana sa ran za a ba shi na komawa a hannu, domin na ga waɗanda suka yi haka suna neman rance a ranar ƙarshe. Masauki da abincin rana masu shirya horon ne suka ɗauka, na dare kuwa kowa da aljihunsa. Kafin tafiya kuma akwai takardar sakin ma'aikaci, wadda sashen lafiya ke bayarwa domin kada a rubuta maka rashin zuwa aiki. Ba a tuna wa mutum da ita, shi zai nema.

A safiyar farko, bayan rajista da duba sunaye, an raba mana jarrabawar gwaji tun kafin a koyar da komai. Da yawa daga cikinmu hankalinsu ya tashi, suna zaton wanda ya faɗi za a mayar da shi gida, alhali manufarta kawai a auna abin da muka zo da shi a kwatanta da abin da za mu tafi da shi. Masu koyarwar sun haɗa da likitan ƙwaƙwalwa da wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya da ta shafe shekaru a sashen masu taɓin hankali. Sun fara ne da doka, suka bayyana mana cewa Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, wadda tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, aka kuma sanar a farkon 2023, ita ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tabbatar wa mai wannan lalura haƙƙin a mutunta shi, a nemi yardarsa gwargwadon hali, a kuma kare shi daga cin zarafi. Wannan bayani ya zauna mini, domin a garuruwanmu mun saba ganin mutum da mari a ƙafa muna wucewa kamar ba komai.

Darasin da ya fi kowanne nauyi a wurina shi ne wanda ya biyo baya, cewa idan mutum ya rikice ko ya fara faɗa farat ɗaya, jikinsa za a fara bincika kafin a ce taɓin hankali ne ko taurin kai. Saukar suga a jini, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, buguwa a ka, ƙarancin iska a jini, ruɗewar da ke biyo bayan farfaɗiya, jijjigar mai ciki ko mai jego, riƙewar fitsari a tsofaffi, tsananin ciwo, da kuma maye ko yankewar abin da mutum ya saba sha, irin su giya, tiramol, ko maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigowa da shi a 2018, kowannensu yana iya mayar da mai natsuwa ya koma mai duka. Likitan ya yi ta nanata cewa allurar barci ga wanda sugansa ya faɗi, ko wanda numfashinsa ya yi rauni, tana iya zama ajalinsa, don haka ma'aunin zafi, ma'aunin hawan jini, na'urar gwajin suga da tsinken gwajin zazzaɓi su ne kayan aiki na farko.

Sai aka shiga dabarun kwantar da hankali, kuma nan ne aka tashe mu daga kujeru aka sa mu kwaikwayo. Ɗaya zai zama mara lafiya yana ihu, ɗaya ɗan'uwansa, ɗaya ma'aikaci, sauran suna kallo suna gyara. An koya mana barin tazarar da hannu ko ƙafa ba za su kai ba, tsayawa a ɗan karkace ba gaba da gaba ba, barin hannuwa a buɗe inda zai gan su, da tabbatar da cewa ƙofa a buɗe take gare ka da shi duka, domin wanda ya ji an rutsa shi faɗa zai yi. Mutum ɗaya ne zai yi magana, da murya ƙasa-ƙasa da gajerun jimloli, ya gaishe shi, ya kira sunansa, ya faɗi nasa, ya tambaye shi abin da yake so. Ba a jayayya da abin da yake gani ko yake ji, ba a kuma yi masa ƙarya ko alkawarin da ba za a cika ba. Ana ba shi zaɓi na gaskiya, ko ya zauna a nan ko a can, ko ya sha ƙwaya ko a jira likita, ana kuma sanya iyaka a fili ba tare da barazana ba. Lokacin da aka sa ni na zama mara lafiyar, mutum huɗu suka kewaye ni kowa yana cewa in kwantar da hankalina, na ji ƙirjina ya cika duk da na san wasa ne, kuma tun daga ranar na fahimci abin da taron jama'a ke yi wa wanda kansa ya riga ya ɗaure. Game da riƙewa da ƙarfi, an ce shi ne mataki na ƙarshe, sai idan rai na cikin haɗari kuma duk wata dabara ta gaza. Ba a kifa mutum a kan cikinsa, ba a danne wuya ko ƙirji, ba a barinsa shi kaɗai, ana duba numfashi da gudun jini a gaɓoɓi kowane minti 15, ana rubuta lokaci da dalili, ana kuma sakinsa da zarar haɗarin ya wuce.

Sauran kwanakin sun tafi a kan ciwon damuwa, farfaɗiya, rikicewar tsufa, shaye-shaye, masu yunƙurin cutar da kansu, da halayyar yara. Abin da na fi amfana da shi a wannan ɓangare wata 'yar takarda ce mai gida uku, inda ake rubuta abin da ya faru dab da halin, da halin kansa kamar yadda ido ya gani, da abin da ya biyo baya. Ba a rubuta cewa mutum ya yi rashin kunya, sai dai a rubuta cewa ya cire ƙarin ruwa da ƙarfe kaza, bayan abu kaza. An rufe da jarrabawa ta biyu da hoto, aka ba kowa littafin jagora. Takardar shaida kuwa ba a ranar aka bayar ba, ta biyo mu ta sakatariya bayan wani lokaci, kuma sai da na riƙa tuntuɓar akawun kafin na san ta iso.

Da na koma, shugabanmu ya nemi rahoto a rubuce, wanda aka aika kwafinsa sashen lafiya, sannan aka ware mini wata yamma bayan an sallami marasa lafiya domin in isar wa sauran abin da na koyo. Na roƙi a kira kowa, har da mai gadi, da mai shara, da mai ba da kati, wasu suka ga kamar ɓata lokaci ne. Amma mai gadi shi ne wanda ke fara tarbar mutumin da aka kawo a ɗaure cikin dare, mai ba da kati kuma shi ke shan zafin wanda ya gaji da layi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun yi kwaikwayon tare, mun yarda cewa duk wanda ya fara magana da mara lafiya shi zai ci gaba sauran su ja baya, mun sauya wurin teburin ɗakin duba marasa lafiya yadda kujerar ma'aikaci ba za ta kasance a lungu ba, mun kwashe almakashi da kwalabe daga kan tebur zuwa aljihunsa. Baba mai gadi ya yarda zai riƙa ajiye sandarsa a bayan ƙofa idan irin wannan ta taso, duk da cewa da farko bai so ba.

Ba a jima ba aka gwada mu. Wani dare a tsakiyar damina aka kawo wani saurayi a Keke Napep, 'yan'uwansa sun ɗaure masa hannuwa ta baya da igiyar guga, yana fizge-fizge yana surutai, jama'ar unguwa kuma sun biyo su har cikin harabar asibiti. Wasu na cewa iskokai ne, wasu na cewa ƙwaya ya sha. Na je wurin mahaifinsa na gaishe shi na ce, "Baba, don Allah a rage mana mutane, ka zauna kai da wanda ya fi jin maganarsa." Baba mai gadi ya fitar da sauran da lalama ya ja ƙofa, nan take ƙarar ta ragu, saurayin ma ya ɗan sassauta. Na tsuguna a gefensa nesa kaɗan, na kira sunansa, na faɗa masa inda yake da ko ni wace ce, na ce zan taɓa goshinsa. Jikinsa zafi rau. Igiyar ta nutse a wuyan hannunsa har yatsun sun kumbura sun yi sanyi. Na ce wa mahaifin, "Baba, ka bari mu kwance hannu ɗaya in auna jininsa, yayansa ya riƙe masa shi a hankali." Ya yi jim, sannan ya ce, "To 'yata, ke kika san aikinki." Sugansa lafiya lau, amma tsinken zazzaɓi ya nuna layi biyu, alamar akwai zazzaɓin cizon sauro, kuma da na tambaya sai aka ce ya kwana biyu yana rawar sanyi da amai kafin ya fara surutan. Muka yi masa allurar farko ta zazzaɓi mai tsanani kamar yadda ƙa'ida ta tanada kafin a tura mutum gaba, na rubuta takardar turawa da duk abin da muka gani da lokacinsa, aka wuce da shi babban asibiti a kwance a gefensa, babu igiya. Bayan kwanaki mahaifin ya dawo da shi a kan ƙafafunsa suka yi godiya.

Takardar nan mai gida uku kuwa wata tsohuwa Bafulatana ce ta nuna mana amfaninta. An kwantar da ita saboda gudawa da rashin ruwa a jiki, da rana shiru take, amma kullum da almuru sai ta tumɓuke ƙarin ruwa ta nemi fita, har wasu suka fara maganar a ɗaure mata hannu a jikin gado. Da muka riƙa rubutawa sai abin ya fito fili: a wannan lokacin surukarta ke tafiya gida dafa abinci, a lokacin ɗakin ke yin duhu in babu wuta, kuma mai aikin yamma namiji ne, ita kuwa fitsari ke matsa mata, kunya ta hana ta faɗa masa, ga shi Hausarta ba ta da yawa. Mai shararmu tana jin Fulatanci, sai muka tsara ta riƙa raka ta bayi kafin magariba tana yi mata hira, aka ajiye fitila kusa da gadon, aka bar jikarta ta zauna har surukar ta dawo. Daga ranar ba ta sake taɓa robar ba. Ban taɓa ganin abin da ya sauya tunanin abokan aikina kamar wannan ba, domin da idonsu suka ga cewa halin da ake kira rigima yana da dalili, kuma dalilin ba ya buƙatar ko sisi kafin a gyara.

A ranakun riga-kafi da awon yara mun daina bari a tsorata yaro da allura, muna roƙon iyaye su daina cewa za a kai shi wurin malamar asibiti ta soke shi in ya yi ƙiriniya. Uwa ke rungume shi a cinyarta, a faɗa masa gaskiya cewa zai ji zafi kaɗan, a yaba masa in an gama. Iyayen da ke kawo ƙarar yaro mai taurin kai muna nuna musu su ba da umarni ɗaya gajere a lokaci guda, su yaba abin kirki nan take, su kau da kai daga ƙananan abubuwa, su rage duka, kuma mu duba ko yaron yana ji yana gani sosai, ko yana da farfaɗiya. A wurin layi kuma mun fara raba lamba da safe, muna fitowa mu sanar idan an samu haihuwa ko gaggawar da za ta jinkirta mu, kuma wannan kaɗai ya rage yawan hayaniyar da ake yi a tagar kati.

Ba kullum dabara ke ci ba, kuma wajibi ne in faɗi haka domin kada wani ya dawo daga horo ya jefa kansa cikin haɗari. An taɓa kawo mana wani magidanci da ya sha ƙwayoyi, ya ɗauki benci yana neman rotsa duk wanda ya matso. A irin wannan hali babu maganar tsugunawa kusa. Mun fitar da sauran marasa lafiya, mun ja baya, mun nemi taimako, mun kira likitan da ke kula da yankinmu a waya, shi ya ba da umarnin maganin da aka yi da adadinsa bayan an samu damar auna shi, aka tura shi Gombe. Washegari muka zauna muka tattauna abin da ya faru, kowa ya faɗi yadda ya ji, domin yarinyar da ke koyon aiki a wurinmu ta kwana tana rawar jiki, kuma barin irin wannan tsoro a cikin ma'aikaci shi ke sa gobe ya fara ɗaga murya tun kafin a yi masa komai.

Bayan wasu watanni masu sa ido suka zo daga jiha. Ba takardar shaidata suka tambaya ba, rajistar da muke rubuta irin waɗannan marasa lafiya suka buɗe, da kwafin takardun turawa, suka zauna suka kalli yadda nake duba mutum, suka yi mini gyara a kan yadda nake tambayar mai ciwon damuwa ko yana tunanin cutar da kansa, cewa a tambaya kai tsaye cikin natsuwa, domin tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Wanda bai buɗe rajista tun makon farko ba zai sha wahala a wannan ziyara, domin ba a tuna bayanan watanni da ka. Sun kuma tabbatar mana da hanyar turawa, daga gare mu zuwa babban asibiti mafi kusa, daga can zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, wasu kuma har Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri.

Akwai abubuwan da zan so duk mai shirin tafiya ya riƙe. Kafin a watse a ranar ƙarshe, lokacin da kowa ke gaggawar kama mota, ya tsaya ya karɓi lambar wanda zai riƙa kira idan ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa, domin da tsakar dare littafi ba ya amsa tambaya. Ya tambayi masu shirya horon tun ranar rajista ko Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, ko hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista, tana lissafa wannan horo cikin abin da ake buƙata wurin sabunta lasisi, domin ba kowane horo ake lissafawa ba, kuma gara mutum ya sani da wuri ya nemi wanda ake lissafawa daban. Kada kuma ya dawo yana yaƙi da imanin mutane. Iyalan da suka ce za su kai wa malami ya yi ruƙiyya, ko fasto ya yi addu'a, ba ma hana su, muna cewa a ci gaba da addu'a a kuma ci gaba da magani, sharaɗinmu kawai babu duka, babu ɗaurin mari, babu hana abinci, kuma mai farfaɗiya ba a cusa masa cokali a baki, a kwantar da shi a gefensa, in jijjigar ta wuce minti 5 a garzayo da shi. Da wannan lafazi mun samu malaman unguwa da kansu suna turo mana mutane.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne canjin wurin aiki da ƙarewar kaya. Cikin waɗanda muka yi kwaikwayo tare, an riga an ɗauke wasu an kawo sababbi da ba su san tsarin ba, don haka na rubuta matakan a shafi guda da Hausa na manna a bangon ɗakin duba marasa lafiya, kuma duk wanda aka turo mana ina zama da shi a makonsa na farko mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Tsinken gwajin suga kuwa yakan yanke, alhali shi ne abin da aka ce mu fara da shi. Mun kai maganar gaban kwamitin ci gaban mazaɓa, shugaban asibitinmu kuma ya sa shi cikin jerin kayan da ake saye duk wata uku, tare da batirin na'urar da fitila mai caji ta ɗakin kwanciya.